Ƙwayar da ke mutuwa a hanya

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da suka fito sa ido kan sanƙarau a yammacin Zamfara suka tarar da abin da ba shi suka fito nema ba. A ƙauyuka irin su Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka, yara ƙanana na ta mutuwa: amai, ciwon ciki, jijjiga, sai suma. Bazara ce, lokacin sanƙarau, zazzaɓin sauro kuwa ɗan gida ne, don haka aka ba da maganin wannan, aka ba da na wancan. Ko gezau. Sai da aka ɗebi jinin yara 8 aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Hamburg ta ƙasar Jamus, sannan ciwon ya faɗi sunansa. Dalma ce, daga dutsen zinarin da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. A lokacin, maikurogiram 10 a kowane desilita na jini ya isa ya tayar wa likita hankali. Jinin yaran nan ya nuna daga 168 zuwa 370. Kimanin yara 400 aka rasa.

Duk mutumin Anka da ya kai shekarun hankali a wannan shekara ya san nauyin 'yar kwalbar da ake ɗauka daga gadon mara lafiya a yi nisa da ita. Amma akwai wata sa'a guda da aka taka a cikin wannan masifa, wadda ba a cika faɗa ba. Dalma ƙarfe ce, ba ta da rai, don haka ba ta mutuwa a hanya. Ko jinin ya yi kwanaki kafin ya isa Jamus, abin da ke cikinsa na nan daram. Da a ce bairos ake nema, kuma ana son a kama shi da ransa, da labarin ya sha bamban. Tarihin da zan bayar na ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi ne, wadda likitoci ke kira harfis, ko HSV a taƙaice, da yadda aka shafe shekara ɗari ana neman dabarar kai ta ɗakin gwaji kafin ta mutu.

Ba baƙuwa ba ce. Ita ce 'yan ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a gefen leɓe bayan mutum ya tashi daga zazzaɓi, waɗanda tsofaffi kan duba su ce zazzaɓin ne ke fita. Suna da rabin gaskiya: zazzaɓin ne ya tashe ta, amma tun da can tana kwance a jikin. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin 100, na ɗauke da nau'in farko, wanda ya fi zama a baki. Nau'i na biyu, mai fitowa a al'aura, na jikin mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan kaso. A wurin mafi yawan mutane ƙaiƙayi ne da zafi na mako guda. A wurin wasu kaɗan kuwa makanta ce idan ta shiga ido, ko ajali idan ta kama jariri sabon haihuwa ko ta haura ƙwaƙwalwa. Gyambon da take yi a al'aura kuma na ninka haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau kusan sau uku.

Sunan daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin rarrafe, saboda yadda ƙurajen ke bin fata. Amma sanin suna ba kama ɓarawo ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana irin su Robert Koch suka gano yadda ake shuka bakteriya a faranti mai ɗauke da romon nama ta tsiro a gan ta, an gwada haka da ruwan waɗannan ƙuraje, ba abin da ya fito. An duba a madubin likita, ba a ga komai ba. Daga baya aka tace ruwan da matacin da ke tare bakteriya, abin ya wuce abinsa. Dalili shi ne bairos ba ya cin abinci, ba ya hayayyafa da kansa. Sai ya shiga cikin ƙwayar halitta mai rai ya mayar da ita masana'antarsa. Wanda ke son ya kiwata shi, dole ya nemo masa abu mai rai.

Abu mai rai na farko da aka samo shi ne idon zomo. Wani likitan ido a Marburg ta Jamus, Wilhelm Grüter, tun daga 1912 ya fara kankaro ɗan abu daga idon masu gyambon ido, ya ɗan karce saman baƙin idon zomo ya shafa. Cikin 'yan kwanaki idon zomon ya yi irin wannan gyambo. Bai buga sakamakon ba sai 1920, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Har ma ya ɗauko daga idon zomo ya mayar a idon wani makaho don ya tabbatar abu ɗaya ne, gwajin da yau babu hukumar da za ta yarda a yi, kuma daidai ne da ba za ta yarda ba. A 1919 wani likitan ido, Löwenstein, ya nuna ruwan ƙurjin leɓe ma na yi wa idon zomo haka. Shekaru da dama, gwajin harfis ke nan: a sa wa zomo a ido a jira.

Zomayen nan sun koyar da abin da ba a tambaye su ba. Wasu, bayan ciwon ido, sai su fara juyi a keji suna jijjiga har su mutu. A 1923 Ernest Goodpasture da Oscar Teague a Amurka suka bi sawu suka gano ta cikin jijiya ƙwayar ke bi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Daga nan aka fara hango inda take ɓuya. A 1939 Macfarlane Burnet na Ostareliya ya kawo bayanin da har yau shi ake kai: tun ana yaro ake kamuwa, sau da yawa da ciwon baki mai hana cin abinci, sannan ta zauna a jiki har ƙarshen rai. Sai a farkon shekarun 1970 aka tono ta daga ƙullin jijiyar fuska a gawarwakin mutanen da ba su da ko ƙurji ɗaya lokacin da suka rasu.

Kiwon zomo na da tsada, ga wahala, ga tausayi. Goodpasture ɗin nan ne dai, tare da Alice Woodruff a Jami'ar Vanderbilt, ya fito da mafita a 1931: ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki. Da wata cutar kaji suka fara, ba a jima ba wasu suka gwada da harfis ta kama. Ana ɗaukar ƙwan da ya yi kwana 10 zuwa 12 a ɗumi, a haska shi a ga inda tantanin da ɗan tsako ke numfashi da shi yake, a huda ɓawon, a ɗiga samfur, a liƙe, a mayar ɗumi. Bayan kwana biyu ko uku a fasa, sai a ga fararen ɗigo-ɗigo a kan tantanin, kowane ɗigo wurin da ƙwaya ta sauka ta yi gida. Ta haka ana iya ƙirga abin da ba a gani. Duk macen da ta taɓa ɗaga ƙwai ta haska a rana don ta ga ko ya yi jini ta san rabin wannan aikin.

Babban sauyi ya zo a 1949, daga Boston. John Enders, Thomas Weller da Frederick Robbins suka nuna ana iya raya ƙwayar shan inna a cikin tsokar ɗan Adam da aka shimfiɗa a kwalba, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1954. Abin da ya taimake su shi ne fenisilin da sitiraftomaisin sun samu: a da, duk samfurin da aka ɗauko daga baki ko kashi, bakteriyar da ke ciki kan cinye kwalbar kafin bairos ya motsa. Daga nan aka shiga neman ƙwayoyin halittar da za su yi ta hayayyafa a kwalba. A 1951 aka samu HeLa daga kansar wata baƙar fata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins, ba tare da an nemi izininta ba. A 1962 a Jami'ar Chiba ta Japan aka samar da Vero daga ƙodar wani birin Afirka. A 1966 a Ingila aka samar da MRC-5 daga huhun ɗan tayi. Harfis na son su duka, ba ta da zaɓen abinci.

Ga yadda aikin yake, kuma har yau bai sauya sosai ba. Ƙwayoyin halittar na manne a jikin kwalba, shimfiɗa guda kamar daɓe, ruwa mai launin ja-ja na rufe da su. A zuba samfur, a sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 35 zuwa 37. Kowace safiya ma'aikaci ya ɗauko ya duba a madubi. Idan akwai harfis, sai ya ga wani wuri a daɓen ya ɓaci: ƙwayoyin sun kumbura sun zama kamar balan-balan, wasu sun narke sun haɗe da juna, daga baya su ɓamɓare su bar fili. Cikin ƙwayoyin bairos tana cikin masu gaggawa. Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ta nuna kanta, kusan duka kuma kafin kwana biyar. Sai a shafa wani sinadari mai ƙyalli da ke manne wa nau'i na ɗaya ko na biyu, a san wanne ne. Wannan rabuwa gida biyu ma a kwalba da ƙwai aka tabbatar da ita. Tun 1921 Benjamin Lipschütz na Biyana ya ce ta baki da ta al'aura ba ɗaya ba ne, aka ƙi saurarensa shekara arba'in, sai da Karl Schneweis a Jamus a 1962, da André Nahmias da Walter Dowdle a Atlanta a 1967, suka nuna yana da gaskiya. A kan tantanin ƙwai ma ɗigon nau'i na biyu ya fi girma.

To amma duk wannan ƙwarewa a ɗakin gwaji take. Nasara ko faɗuwa tun a bakin gadon mara lafiya ake yin ta, kuma nan ne labarin ya shafe mu. Harfis na sanye da riga ta maiƙo, rigar da sabulu, bushewa da zafi ke yagawa, kuma da ta yage ƙwayar ba ta iya shiga ko'ina. Saboda haka sai a samu ƙurji sabo mai ruwa, a fasa shi, a goga tsinken auduga a gindinsa da ɗan ƙarfi, har mara lafiya ya ji zafi, don a kwaso ƙwayoyin fatar da take ciki. Ƙurji mai ruwa kan ba da ita kusan sau tara cikin goma. Wanda ya yi ɓawo, kusan sau ɗaya cikin huɗu. Tsinken ma ba kowanne ba: mai sandar itace na iya lalata gwajin. A tsoma shi nan take a 'yar kwalba mai ruwan gishiri da furotin da maganin bakteriya. A ajiye a sanyin digiri 4, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana biyu ko uku. In zai wuce haka, sai firiza mai sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. Firizar gida, mai digiri 20 ƙasa da sifili, kashe ta take yi, abin da ke ba sabon ma'aikaci mamaki, don a ganinsa ƙarin sanyi ƙarin kariya ne. Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan 'yar kwalba a Gummi cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ba tabbas, ya bi ta Daki Takwas ya ratsa Anka ya nufi Gusau, a hanyar da matsalar tsaro ta sa ba kowace sa'a ake bin ta ba.

An yi ta neman gajeriyar hanya. A 1947 Arnault Tzanck na Faris ya fito da wadda ta fi kowacce arha: a kankaro gindin ƙurji a shafa a gilashi, a rina, a duba a madubi a nemi manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa. Kowane ɗakin gwajin da ke duba zazzaɓin sauro na da kayan yin sa. Illarsa, yakan kuskure da yawa, kuma ba ya bambanta harfis da ƙarambau. A 1985 a asibitin Mayo na Amurka aka rage jira: a juya samfur da ƙarfi a injin juyi ya danne kan ƙwayoyin halitta, washegari a rina a duba tun ɓarna ba ta fito fili ba.

Inda kwalba ta gaza ƙwarai shi ne inda aka fi buƙatarta. A 1941 Margaret Smith da abokan aikinta a St. Louis suka fitar da harfis daga ƙwaƙwalwar wani jariri da ya mutu, aka tabbatar abin da zomo ya nuna na faruwa ga mutum. Wanda ta haura masa ƙwaƙwalwa kan zo da zazzaɓi, ciwon kai, sambatu, jijjiga da suma, kuma sau da yawa ba ƙurji ko ɗaya a jikinsa. In ba magani, 7 cikin 10 na mutuwa. Idan aka ɗebi ruwan ƙashin bayan babba aka shuka, da ƙyar 5 cikin 100 ke tsirowa. Don haka har cikin shekarun 1980, hanyar tabbatarwa ita ce a huda ƙoƙon kai a ciro ɗan guntun ƙwaƙwalwa. Da irin wannan tiyata Richard Whitley da tawagarsa suka gwada maganin farko da ya yi aiki a 1977, mutuwa ta sauka daga kashi 70 zuwa 28. A shekarar ne kuma Gertrude Elion da Howard Schaeffer suka bayyana asaikulobiya, maganin da ya fi shi, wanda har yau shi ne a gaba.

Abin da ya raba likitoci da huda kai shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta yi ta kwafinsa har ya yi yawan da za a gani. A 1990 da 1991 aka nuna tana gano harfis a ruwan ƙashin baya, a 1995 kuma aka gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tiyatar ƙwaƙwalwa ta kama kashi 98 cikin 100. A gyambon fata ma ta fi shuka kamawa ninki uku ko fiye. Amma a ganina babbar falalarta ga ƙasa irin tamu ba wannan ba ce. PCR ba ta buƙatar ƙwayar da ranta. Gawarta ma ta isa. Wato ta mayar da bairos kusa da matsayin dalma, abin da ke jure tafiya. Shuka a kwalba ta rage ga masu bincike da masu son sanin ko ƙwaya ta daina jin magani.

Kada a ɗauka kamun bairos da rai aikin Turai ne kawai. A 1927 masu binciken Rockefeller da ke da sansani a Yaba ta Legas suka kama ƙwayar shawara daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, sunan da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba, kuma daga wannan jini aka samo rigakafin da ake yi har yau. A 1969 jinin ma'aikatan jinyar mishan da suka kamu a Lassa da Jos ya tafi Jami'ar Yale, aka kama ƙwayar zazzaɓin Lassa a cikin Vero. Mafi kusa da mu kuwa shi ne shan inna. Shekara da shekaru, duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya a Bagega ko Nasarawar Burkullu, ƙa'ida ita ce jami'in sa ido ya karɓi kashinsa sau biyu, tsakani aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, ya sa a kula mai ƙanƙara, ta isa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana uku a shuka a kwalba. Da hujjar irin waɗannan kuloli aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Hanyar ta yiwu ne don an sa mata kuɗi, an sa mutum, an sa wa'adi.

Harfis ba ta samu wannan gata ba. A asibitocin karkara da ido ake gane ta, gyambon al'aura kuma a haɗa masa magunguna bisa alamu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa wuraren da ba gwaji. Ga ƙurjin leɓe wannan ya wadatar, ba mai hankalin da zai ce a tura tsinke Abuja saboda shi. Damuwata na kan mai jijjiga da suma. A annobar sanƙarau da ta faro daga Zamfara a Disambar 2016 ta kai Yunin 2017, an ƙirga mutum 14,518 da ake zargi a faɗin Nijeriya, 1,166 suka rasu, kusan rabin masu ciwon kuma 'yan Zamfara ne. Waɗanda aka gwada samfurinsu ba su kai 1 cikin 10 ba, a cikinsu ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne aka ga bakteriya. Sauran, wasu sun riga sun sha magani, wasu samfurin ya lalace a hanya. Amma 2010 ta riga ta nuna wa mutanen Anka cewa ba duk mai jijjiga a bazara ne mai sanƙarau ba, kuma maganin sanƙarau ba ya taɓa harfis ko kaɗan.

Cutar korona ta sa an baza injinan PCR a jihohin Nijeriya, ɗakin gwaji na ƙasa na hukumar NCDC na nan a Gaduwa ta Abuja, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na Sakkwato, kuma ruwan ƙashin baya dama ana ɗibarsa duk lokacin da aka zargi sanƙarau. Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara guda biyu ne. Duk ruwan ƙashin bayan da aka duba ba a ga bakteriya ba, a ware ɗan kaɗan a sa a kular da dama ke tafiya, a nemi harfis a ciki. Sannan a ajiye allurar asaikulobiya a manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, domin ƙa'idar likitoci ita ce a fara ta da zarar an yi zargi, ba a jiran sakamako, kuma ana yin ta kowace awa 8 har kwana 14 zuwa 21.